Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya tunkari wariyar launin fata

A ranar 15 ga watan Maris na 1961, Firayim Ministan Afirka ta Kudu, Hendrik Verwoerd, ya janye takardar neman ci gaba da zaman ƙasarsa a ƙungiyar Commonwealth ta ƙasashe renon Ingila, bayan an kwashe kwanaki ana tafka muhawara a Landan a kan manufar gwamnatinsa ta wariyar launin fata.

Cikin shugabannin da suka hana shi sakat a zauren taron har da Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya, ƙasar da a lokacin ba ta cika wata shida da samun mulkin kai ba.

Ba a yi shekara biyar da wannan taro ba sojoji suka kashe shi, kwana uku kacal bayan ya rufe wani taron da ya kira a Legas a kan mulkin Turawa tsiraru a Rodeshiya. A daidai wannan lokaci ƙasarsa na fama da tata irin rarrabuwar kai ta ƙabilanci da ɓangaranci.

Tun daga lokacin masana tarihi ke muhawara a kan abubuwa biyu: ko hanyarsa ta lalama ta yi wani tasiri a kan masu wariya, da kuma ko wane kaso na alhakin rabuwar kan 'yan Najeriya ne ya rataya a wuyansa.

Daga Tafawa Ɓalewa zuwa Katsina

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, mutumin ƙabilar Gerawa ne da ke hidima a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa, Fatima Inna, tana da jinin Fulani. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa ta siyasa a cikin jam'iyyar da 'ya'yan sarauta suka yi wa yawa.

Bayan karatun allo da na elementare a garinsu, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, daga nan aka tura shi Kwalejin Katsina a 1928. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922 domin horar da malaman makaranta, kuma daga cikinta ne akasarin shugabannin Arewa na farko suka fito. Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da shekara biyu.

Malaman kwalejin Turawa sun ba da ƙarfi sosai a kan lafazin Ingilishi da iya magana a gaban jama'a. A nan Abubakar ya samo salon jawabinsa na natsuwa, wanda daga baya ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Ya kammala a 1933 ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa a makarantar midil, har ya kai ga zama shugabanta.

A wannan tsakanin ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, domin shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Labarin wani yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi. Uwar ta bi sawunsa, ita ma aka sayar da ita aka ƙetare Sahara da ita zuwa wajajen Tarabulus, ba su sake haɗuwa ba sai gab da rasuwarta.

Abin lura shi ne marubucin bai wuce shekara 21 ko 22 ba, kuma masu saye da sayar da mutane a cikin labarin ba Turawa ba ne. Tun yana saurayi ya kalli wulaƙanta ɗan Adam a matsayin abin da ke iya fitowa daga gida kamar yadda yake zuwa daga waje.

Wariyar da ya tashi a cikinta

Najeriya ba ta taɓa zama ƙasar da Turawa suka yi kaka-gida suka ƙwace gonaki ba, irin Kenya ko Rodeshiya. Duk da haka an yi wariyar launin fata a cikinta, kuma a rubuce take cikin doka.

Dokar tsara garuruwa ta 1917, wadda aka yi a zamanin Gwamna Lugard, ta tanadi unguwanni na musamman ga Turawa, tare da barin fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro da shawara. Waɗannan unguwanni su ne suka rikiɗe suka zama abin da ake kira GRA a Kano da Zariya da Kaduna da sauran birane.

Akwai asibitin Turawa daban, kulob ɗin Turawa daban. A aikin gwamnati ma an raba muƙamai gida biyu, na Turawa da na 'yan Afirka, kowanne da nasa albashi. A harkar kasuwanci manyan kamfanonin Turai ne ke riƙe da sayen amfanin gona na fitarwa waje. A yankunan auduga na kudancin lardin Katsina, irin su Funtuwa da Daudawa, manomi shi ke noma, amma injinan gurza da hanyar kai kaya Ingila suna hannun ƙungiyar auduga ta Birtaniya, BCGA.

Tsarin bai tsaya a tsakanin fari da baƙi ba. An ware wa 'yan Kudu da sauran baƙi Sabon Gari a bayan ganuwar Kano da Zariya, a Zariya kuma aka ware Tudun Wada ga 'yan Arewa da ba 'yan asalin birnin ba. Ta haka mutane suka yi shekaru da dama suna cin kasuwa ɗaya, amma kowa da unguwarsa da kotunsa da makarantarsa.

A watan Fabrairu na 1947 wani abu ya faru a Legas da ya fito da lamarin fili. Otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali babban jami'i ne da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan ya turo aiki, ɗan wani likita mutumin Saliyo. Jaridu da 'yan kishin ƙasa suka yi ca, har ta kai Gwamna Arthur Richards ya bayyana haramta nuna bambancin launi a otal-otal da asibitoci da sauran wuraren jama'a.

A cikin wannan yanayi ne Malam Abubakar, wanda bai daɗe da dawowa daga karatun shekara guda a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ba, ya fara zama a Majalisar Dokoki ta ƙasa a matsayin wakilin Arewa.

Mai shakkar haɗin kan Najeriya

Jawabansa na farko a majalisar ba su yi wa 'yan kishin ƙasa na Kudu daɗi ba. Ya fito fili ya nuna cewa a ganinsa haɗin kan Najeriya a takarda kawai yake tun 1914, kuma niyya ce ta Birtaniya wadda mutanen ƙasar ba su riga sun rungume ta ba. Ya kuma bayyana fargabar cewa idan Turawa suka tafi da gaggawa, 'yan Kudu da suka yi nisa a ilimin boko za su maye gurbinsu a ofisoshin Arewa.

Masu sukarsa har yau suna kafa hujja da waɗannan jawabai. Masu kare shi kuma suna cewa abin da ke ƙasa ya faɗa, domin manufofin Turawa sun bar Arewa a baya ƙwarai a yawan makarantu da ma'aikata.

A gida ma bai kasance ɗan amshin shata ba. Ya yi zama da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur a dandalin muhawara na Bauchi a shekarun 1940, kuma a watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, a ba talaka bakin magana. Ƙudurin ya ɓata wa sarakuna da dama rai. Sai dai yayin da Aminu Kano ya tafi NEPU, shi ya zauna a NPC ya zama mataimakin Sardauna.

Fargabar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fashe a 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu na wannan shekara rikici ya ɓarke a Kano tsakanin mutanen birni da Fagge da mazauna Sabon Gari. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 ne suka mutu.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sannan Ministan Sufuri. A 1955 ya je Amurka domin nazarin yadda ake sufuri a kogin Misisipi. Marubuta tarihinsa sun ce wannan tafiya ta sauya masa tunani, ganin yadda mutane daga asali daban-daban suka haɗu suka gina ƙasa guda, ya dawo da imanin cewa Najeriya ma za ta iya. Amurkar da ya gani kuwa a lokacin dokokin raba farare da baƙaƙe na aiki a jihohinta na kudu, kuma a ƙarshen wannan shekara ce baƙar fata suka fara ƙaurace wa motocin safa a Montgomery.

Da aka naɗa shi Firayim Minista a 1957, ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da ta ƙunshi NPC da NCNC da Action Group.

Sharpeville da taron Landan

A ranar 21 ga Maris na 1960 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin dokar ɗaukar fasfo na cikin gida a garin Sharpeville, suka kashe mutum 69 bisa ƙidayar hukuma, da yawansu a baya aka harbe su. Najeriya ba ta sami 'yanci ba tukuna, amma majalisar wakilanta ta nemi a hana shigo da kayan Afirka ta Kudu, gwamnatin Sir Abubakar kuma ta bi wannan hanya.

Kwana huɗu bayan bikin 'yancin Najeriya, ranar 5 ga Oktoba, farar fatar Afirka ta Kudu kaɗai suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ƙasar ta zama jamhuriya. A al'adar Commonwealth, ƙasar da ta sauya tsari haka sai ta sake neman amincewar sauran membobi. Wannan ne ya kawo batun gaban taron shugabanni na watan Maris na 1961.

Firayim Ministan Birtaniya Harold Macmillan da Robert Menzies na Ostareliya sun so a raba batun zama memba da batun manufofin cikin gida. A ɗaya ɓangaren akwai Jawaharlal Nehru na Indiya, da Kwame Nkrumah na Ghana, da Tunku Abdul Rahman na Malaya, da Sir Abubakar. John Diefenbaker na Kanada ya goyi bayansu, shi ne kaɗai shugaban farar fata da ya yi haka a fili. Julius Nyerere, wanda ƙasarsa Tanganyika ke gab da samun 'yanci, ya rubuta a wata jaridar Landan cewa ba za su shiga ƙungiyar ba muddin Afirka ta Kudu na ciki.

Matsayin Sir Abubakar ya yi nauyi saboda dalili guda: Turawa sun san shi a matsayin mai sassaucin ra'ayi kuma aminin Birtaniya. Da Nkrumah kaɗai ne ya tada jijiyar wuya, da an ce halinsa ne. Amma da shugaban ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, wanda Sarauniya ta ba lambar Sir a 1960, ya dage cewa ba za a amince da buƙatar ba sai an yi tir da wariya a sanarwar bayan taro, sai ta tabbata ga Macmillan cewa riƙe Afirka ta Kudu zai iya sa a rasa sauran.

Verwoerd ya ƙi sassautawa ko da a kan ƙaramin batu irin na karɓar jakadun ƙasashen baƙar fata a Pretoria. Da ya ga inda aka dosa, sai ya janye buƙatar da kansa. Afirka ta Kudu ta fice ranar 31 ga Mayu na 1961, ba ta koma ba sai a watan Yuni na 1994, bayan zaɓen Nelson Mandela.

Najeriya ta kai yaƙin wasu fagagen. A watan Yuni na 1961 Ministan Ƙwadago Joseph Modupe Johnson ya gabatar da ƙuduri a taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Geneva yana neman Afirka ta Kudu ta fice. A 1963, lokacin da shi ne shugaban taron, ya ajiye muƙamin, wakilan Afirka suka fice daga zaure. A 1964 Afirka ta Kudu ta sanar da janyewarta daga ƙungiyar.

A watan Yuli na 1961 Sir Abubakar ya kai ziyarar aiki Amurka, ya gana da Shugaba John Kennedy, ya kuma yi jawabi ga majalisar wakilai. Wata guda kafin nan wani gidan abinci a jihar Maryland ya ƙi sayar wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, kofi saboda launin fatarsa, abin da ya zama ruwan dare ga jami'an diflomasiyyar Afirka a kan hanyar Washington zuwa New York. Zuwan sababbin ƙasashen Afirka ya sa wariyar cikin gida ta zame wa gwamnatin Amurka abin kunya a idon duniya.

Sukar 'yan ra'ayin sauyi

Ba kowa ne ya gamsu da salonsa ba. Ɗalibai da 'yan ƙwadago da 'yan adawa sun zarge shi da kusantar Birtaniya fiye da kima. Zanga-zangar ɗalibai ta taimaka wajen tilasta soke yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Birtaniya a watan Janairu na 1962.

A fagen Afirka ya kasance jigo a rukunin Monrovia, mai son haɗin kai a hankali tare da mutunta iyakoki, sabanin rukunin Casablanca na su Nkrumah da Gamal Abdel Nasser. Ya taɓa nuna cewa a shirye yake ya je Afirka ta Kudu da kansa ya yi magana da shugabanninta, gwamnatin Verwoerd ba ta karɓi tayin ba.

Sai dai sassaucin nasa yana da iyaka. A watan Janairu na 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin makamin nukiliya da ƙasar ta ci gaba da yi a hamadar Sahara. Kuma da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, a Adis Ababa a watan Mayu na 1963, Najeriya na cikin ƙasashe tara na kwamitin taimaka wa masu fafutukar 'yanci, mai hedkwata a Dar es Salaam.

Jarrabawar Rodeshiya

A ranar 11 ga Nuwamba na 1965 Ian Smith ya ayyana 'yancin Rodeshiya daga Birtaniya ba tare da yardarta ba, domin Turawa da ba su kai 250,000 ba su ci gaba da mulkin baƙar fata kimanin miliyan huɗu.

Ministocin OAU suka ba Birtaniya wa'adin zuwa 15 ga Disamba ta murƙushe tawayen, in ba haka ba a yanke hulɗa da ita. Ƙasashe tara ne suka cika alkawari, cikinsu har da Ghana da Tanzaniya. Najeriya ta ƙi. Hujjar Sir Abubakar ita ce Birtaniya ce mai alhakin Rodeshiya a bisa doka, kuma wanda ya yanke hulɗa da ita ya rasa hanyar matsa mata lamba.

Maimakon haka ya tashi zuwa Landan ya shawo kan Firayim Minista Harold Wilson ya zo taron gaggawa a Legas. Wannan ne karon farko da shugabannin Commonwealth suka yi taro a wajen Landan, kuma batu ɗaya tak aka tattauna. Ghana da Tanzaniya ba su halarta ba.

A zauren taron Albert Margai na Saliyo ya caccaki Wilson a kan ƙin amfani da ƙarfin soja. Wilson ya ba da tabbacin cewa takunkumin tattalin arziki zai durƙusar da gwamnatin Smith cikin 'yan makonni. An watse ranar 12 ga Janairu na 1966 da kafa kwamitin sa ido a kan takunkumin.

Makonnin Wilson sun zama shekara 14. Sai a watan Afrilu na 1980 Zimbabwe ta sami 'yanci, bayan yaƙin da ya ci dubban rayuka. Masu sukar Sir Abubakar na cewa taron Legas ya ba Birtaniya damar numfasawa ne kawai. Masu kare shi na cewa ya hana ƙungiyar wargajewa, kuma a cikinta ne daga baya, a taron Lusaka na 1979, aka share fagen tattaunawar da ta kawo ƙarshen mulkin tsirarun.

Wutar da ke ci a gida

Lokacin da baƙi ke taro a Legas, ana ƙone-ƙone a Jihar Yamma, 'yan mil kaɗan daga zauren. Zaɓen yankin na watan Oktoba na 1965, wanda aka bayyana Samuel Ladoke Akintola, abokin ƙawancen NPC, a matsayin wanda ya lashe, ya gamu da zargin maguɗi mai yawa.

Rikicin ya samo asali tun 1962, lokacin da Action Group ta dare gida biyu, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin. A 1963 aka yanke wa Obafemi Awolowo ɗaurin shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Ƙidayar 1963, wadda ta ba Arewa mutum miliyan 29.8 cikin miliyan 55.6, ta jawo ƙorafi daga Gabas. An yi tarzoma a ƙasar Tibi a 1960 da 1964, aka tura sojoji. Babban zaɓen Disamba na 1964 ya kai ga Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba.

A nan ne muhawarar alhaki ta fi zafi. Wani ɓangare na masana na ɗora laifin a kan Turawa: su ne suka mulki Arewa da Kudu daban-daban, suka ware Sabon Gari, suka bar tarayya mai yankuna uku wadda ɗaya ya fi sauran biyun girma, kuma hukumar Willink da suka kafa a 1957 ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi ga ƙananan ƙabilu.

Wani ɓangaren na cewa gadon Turawa ba ya wanke 'yan siyasar da suka karɓi mulki. Manyan jam'iyyun uku duka sun dogara ne da yankinsu, kowacce ta yi amfani da tsoron mamayar wata wajen neman ƙuri'a, kowacce kuma ta danne 'yan adawa a gidanta, kamar yadda 'yan NEPU suka ɗanɗana a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e.

A kan shi kansa Sir Abubakar, babban zargin shi ne ya kafa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962 a kan hargitsin zauren majalisa, amma ya ƙi kafa ta a 1965 lokacin da ake kashe mutane a tituna, saboda gwamnatin yankin ta abokan ƙawance ce. Masu kare shi, ciki har da marubucin tarihinsa Trevor Clark, wanda ya yi aikin mulki a Bauchi, sun nuna cewa hannunsa a ɗaure yake: shi ne shugaban gwamnati, amma shugaban jam'iyya yana Kaduna. Ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da tara dukiya ko ƙin wata ƙabila ba.

Ya kamata a bambanta abubuwan biyu. Wariyar Afirka ta Kudu doka ce da ta jera mutane hawa-hawa bisa launin fata, ta hana mafi rinjaye ƙuri'a da mallakar ƙasa. Tsarin mulkin Najeriya na 1960 kuwa ya haramta nuna bambancin ƙabila ko addini. Abin da ya haɗa su shi ne a duka biyun 'yan siyasa sun gano cewa tsoron maƙwabci yana kawo ƙuri'a.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Da asubahin 15 ga Janairu na 1966 wasu matasan hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi da dama, akasarinsu 'yan Arewa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka yi mata sutura. Yana da shekara 53.

Yadda aka zaɓi waɗanda aka kashe ya sa Arewa ta kalli juyin mulkin da idon ƙabilanci. Abin da ya biyo baya shi ne kashe-kashen watan Mayu, da juyin mulkin ramuwa na Yuli, da kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a watannin Satumba da Oktoba, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Manufar da ya kafa a kan kudancin Afirka ta rayu bayansa, har ta ƙara zafi. Janar Murtala Muhammad ya goyi bayan MPLA a Angola bayan sojojin Afirka ta Kudu sun kutsa ƙasar a 1975. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979. 'Yan Najeriya, cikinsu har da Alhaji Yusuf Maitama Sule da Joseph Garba da Ibrahim Gambari, sun shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Mandela ya zo Najeriya godiya a watan Mayu na 1990, wata uku bayan sakinsa. Wannan tarihi ne 'yan Najeriya suka riƙa tunawa lokacin hare-haren ƙin jinin baƙi a Afirka ta Kudu a 2008 da 2015 da 2019.

An sa hotonsa a takardar naira biyar, an sa sunansa ga jami'ar tarayya da ke Bauchi da dandalin da aka yi bikin 'yancin kai a Legas. Kabarinsa a Bauchi ya zama wurin ziyara.

Garin da ya ɗauki sunansa kuwa, Tafawa Ɓalewa, ya sha fama da rikici tsakanin Sayawa da Hausawa da Fulani a kan sarauta da mallakar gari, musamman a 1991 da 2001 da 2011, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, iyalai da dama kuma suka bar garin.